Goma Bisa Goma Ba Ta Arha: Yadda Nake Auna Kundayen Rok Da Metal

Kundi biyu kacal na taɓa bai wa goma bisa goma a littafin da nake rubuta makin waƙoƙin rok da metal, kuma kowannensu waƙa takwas ce a cikinsa. Na farko shi ne Paranoid na ƙungiyar Black Sabbath, wanda ya fito a 1970. Na biyu Master of Puppets na Metallica, na 1986. Sauran duk da na saurara, har da waɗanda suka sayar da miliyoyin faifai suka cika filayen ƙwallo da 'yan kallo, sun tsaya a tara ko ƙasa da haka. Abokaina masu sauraron irin wannan kiɗa, mu 'yan kaɗan ne, suna ce mini marowaci. Ni kuwa ina ganin ƙa'ida nake bi, kuma ita nake so na shimfiɗa wa mai karatu yau, ko da a ce shi hayaniya kawai yake ji idan an kunna masa.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ina sauraron kundi daga farko har ƙarshe, yadda masu shi suka jera waƙoƙin, aƙalla sau uku a ranaku daban-daban. Duk waƙar da na ji yatsana yana neman maɓallin tsallakewa, to kundin ya yi asarar maki ɗaya. Bayan haka sai na duba yadda aka ɗauki sautin a sutudiyo, sannan abin da waƙoƙin ke faɗa. Yawan cinikin da kundi ya yi ba ya shiga lissafina ko kaɗan. Kasuwa ta san abin da take so, kunnena ma ya san nasa.

Kafin mu yi nisa, akwai abu guda da sai an fahimce shi. Ginshiƙin wannan kiɗa wata 'yar gajeriyar jimla ce da mai jita ke kaɗawa yana maimaita ta, wadda Turawa ke kira rif. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Ka tuna yadda makaɗi ke buga taken wani basarake ko na wani ɗan dambe, tun kafin a buɗe baki a yi waƙa kowa a fili ya san wa ake nufi. To haka rif yake. Daƙiƙa uku sun isa mai sauraro ya gane waƙa. Ƙungiyar da ba ta iya ƙera take mai kama zuciya ba, ko da mai jitarta ya fi walƙiya sauri, ba ta wuce shida a wurina.

Mutumin da ya fi kowa iya ƙera irin wannan take shi ne Tony Iommi na Black Sabbath, kuma labarin yatsunsa ya cancanci a tsaya a kansa. Yaron unguwar Aston ne a birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antu da hayaƙi. Yana ɗan shekara 17, a ranar da zai bar aiki a wata masana'antar ƙarfe don ya koma kiɗa gaba ɗaya, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, ma'ana da hannun daman nan yake danna tsirkiyar jita. Wani da sai ya haƙura. Shi sai ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya lulluɓe su da fata, ya koma amfani da siraran tsirkiya. Daga baya, a kundinsu na uku Master of Reality na 1971, ya sassauta ɗaurin tsirkiyar sosai don ta rage yi masa ciwo. Sassautawar nan ta sa muryar jitar ta yi ƙasa, ta yi kauri da nauyi. Dubban ƙungiyoyi sun bi wannan sautin har yau, da yawansu ba su ma san daga hatsarin masana'anta ya samo asali ba.

Kundinsu na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, a yini guda suka ɗauke shi a Landan, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970. Na ba shi takwas. Gefen farko na faifan ba shi da na biyu, amma a gefe na biyu akwai dogon kaɗe-kaɗen jita da ke yawo ba alƙibla, kamar mai neman akuyarsa a kasuwa. Wata bakwai bayan nan sai ga Paranoid, kuma a nan ne komai ya zauna daram. Minti 42 ne, waƙa takwas, babu wadda zan iya cirewa. Ya buɗe da War Pigs, wadda ke caccakar manyan sojoji da 'yan siyasar da ke tura 'ya'yan talakawa yaƙi su kuma suna zaune a inuwa, a daidai lokacin da yaƙin Biyetnam ke ci. Da sunan wannan waƙar ma aka so kiran kundin, kamfanin faifai ya canza. Waƙar Paranoid ɗin kanta kuwa cikon gurbi ce, an ga faifai bai cika ba aka ce su ƙaro wani abu, suka haɗa ta cikin 'yan mintuna. Ita ce ta zama fitacciyar waƙarsu.

Abin da ya ba kundin makinsa na goma shi ne waƙa ta uku, Planet Caravan. Bayan duka biyu masu nauyi, sai su sauke murya, a ajiye manyan ganguna a ɗauki na hannu, muryar Ozzy Osbourne ta zo kamar daga ƙarƙashin ruwa. Kunne ya huta, ya sake shiri. Shi ya sa idan Iron Man ta faɗo bayanta sai ka ji kamar an jefo maka buhun siminti. Wanda ya sauke Iron Man ita kaɗai a wayarsa ya ji waƙa mai kyau, amma bai ji wannan faɗowar ba, domin ba a cikin waƙar take ba, tana tsakaninta da wadda ta gabace ta. Akwai kuma Hand of Doom, a kan sojojin da suka dawo daga yaƙi suka faɗa allurar ƙwaya. Duk wanda ya ga yadda tiramol da kodin suka yi da samarin unguwa ba ya buƙatar tafinta ya gane inda ta dosa.

Masu sharhin jaridun wancan zamani fa ba su so Black Sabbath ba. Mujallar Rolling Stone ta Amurka ta yi kaca-kaca da kundinsu na farko ta alƙalamin Lester Bangs, kamar yadda ta yi wa na farkon Led Zeppelin a 1969. A 2017 mujallar nan dai ta jera kundayen metal 100 da ta ce sun fi kowanne, ta sa Paranoid a na ɗaya, Master of Puppets a na biyu. Na ji daɗi mun dace, amma shekara 47 ta ɗauke su kafin su iso. Ozzy kuwa ya rasu ranar 22 ga Yulin 2025 yana da shekara 76, kwana 17 bayan wasan bankwana da ya yi da abokan tafiyarsa uku na asali a filin Villa Park, a unguwar nan ta Aston da suka tashi.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu, don an sha yi mini ita: ba waƙar shaiɗan ba ce? Amsar ta danganta da ƙungiya. Akwai masu wasa da hotunan ƙwarangwal da ƙahoni don su tsorata iyaye su burge yara, kamar finafinan ban tsoro. Akwai kuma waɗanda da gaske suke saɓo, musamman wasu ƙungiyoyin ƙasar Norway na farkon shekarun 1990 da har coci-coci aka ƙona a cikinsu, kuma waɗannan ba su da shafi a littafina. Su Black Sabbath, wanda ke rubuta musu yawancin baituka, Geezer Butler, a gidan Katolika masu riƙo ya tashi, kuma waƙarsu After Forever ta 1971 kira ce ga imani da Ubangiji kai tsaye. Shi ya sa nake karanta baitukan kafin na ba da maki, ba na tsayawa a hoton bango.

Sai Master of Puppets. Metallica ƙungiyar Amurka ce, amma a birnin Copenhagen na Denmark suka ɗauke shi tare da injiniyan sauti Flemming Rasmussen, ya fito a Maris ɗin 1986. Dukansu huɗun ba wanda ya kai shekara 25. Irin kiɗansu mai gudu ne, mai jita James Hetfield yana sara tsirkiya ƙasa-ƙasa da saurin da ke sa wuyan hannu ya yi tsami. Amma gudu ba shi ne abin ba, ƙungiyoyi da yawa sun fi su gudu. Abin shi ne gini. Waƙar da kundin ya ci sunanta ta haura minti takwas, kuma a tsakiyarta sai guguwar ta lafa, jita biyu su shiga wani amshi mai taushi kamar masu makoki, sannan a hankali a sake hawa. Maganarta a kan ƙwaya ce, yadda take zama ubangidan mai shanta tana juya shi kamar 'yar tsana a igiya. Disposable Heroes tana magana a kan yaron da aka tura fagen daga a matsayin abin da za a yi amfani da shi a yar. Leper Messiah kuwa masu wa'azin talabijin na Amurka ta sa a gaba, waɗanda suka mai da addini hanyar tatsar aljihun mabiya.

Waƙa ta bakwai, Orion, ba murya a cikinta sam, kiɗa ne zalla na fiye da minti takwas. A yawancin kundaye irin wannan ce ake fara tsallakewa. A nan ita ce zuciyar kundin, kuma yawancinta aikin mai jitar bes ne, Cliff Burton, wanda ya san ƙa'idojin kiɗan gargajiyar Turai ya koya wa sauran yadda ake haɗa muryoyi. Wata shida bayan fitowar kundin, ranar 27 ga Satumban 1986, motar da ke ɗauke da su ta kife a ƙasar Suwidin, ya mutu yana da shekara 24. Ba tausayi ne ya sa na ba da goma ba. Ko da yana raye yau yana jan carbin tsufa, makin bai canza ba. Babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa kundin cikin taskar sautukan da ake adanawa don tarihi, kuma shi ne kundin metal na farko da ya samu wannan.

Masu tara suna da ɗan yawa, ba zan daɗe a kansu ba. Kundin Led Zeppelin na huɗu, na 1971, wanda ko suna ba a rubuta a bangonsa ba, shi ma waƙa takwas ne. Gangunan John Bonham a waƙar ƙarshe, When the Levee Breaks, an ɗauke su ne a zauren matattakalar wani tsohon gida mai suna Headley Grange, da makirfo a rataye can sama, shi ya sa suke amo kamar ana buga su a cikin rijiya. Waƙar asalinta ta Memphis Minnie ce da Kansas Joe McCoy, baƙaƙen fatar Amurka da suka yi ta a 1929 a kan ambaliyar kogin Mississippi ta 1927, kuma a nan dai an rubuta sunan Minnie, abin da Zeppelin ba kullum suke yi wa masu haƙƙi ba. Amma Four Sticks ina tsallake ta. Tara. The Number of the Beast na Iron Maiden, 1982, shi ma takwas ne, shi ma yana da gurguwar waƙa guda, Gangland, wadda shugaban ƙungiyar Steve Harris da kansa ya nuna ba ita ta kamata a sa ba. Tara. Back in Black na AC/DC, wanda suka yi a 1980 'yan watanni bayan mutuwar mawaƙinsu Bon Scott, sautinsa tsaf yake kamar sabon kwano, ana kiyasin ya sayar da kusan kwafi miliyan 50. Rif ɗinsa ba a magana. Baitukan ne dai daga mata sai giya, daga giya sai mata, har ka gaji. Takwas da rabi.

To me ya sa masu manyan makin nan duk gajeru ne? Ba wai mawaƙan da sun fi na baya hankali ba ne. Faifan garmaho ne ya tilasta musu. Kowane gefe yana ɗaukar minti 20 da 'yan kai kafin sauti ya fara lalacewa, don haka kundi guda ba ya wuce minti 40 zuwa 50 sai an matsa. Ƙungiya za ta shiga sutudiyo da waƙa goma sha biyu, dole ta yar da huɗu. Dole kuma ta yi tunanin wace za ta buɗe gefe, wace za ta rufe shi. Da faifan CD ya zo da wurin da ya kusa minti 80, sai aka daina yar da komai. Tuwo ya yi yawa, miya ba ta ƙaru ba.

Dubi Guns N' Roses. Appetite for Destruction na 1987 waƙa 12 ne, na ba shi takwas. A Satumban 1991 suka saki kundi biyu rana guda, Use Your Illusion na ɗaya da na biyu, waƙa 30, sama da awa biyu da rabi. A cikin talatin ɗin nan akwai kundi guda mai maki tara da ya nutse. Yadda suke, shida-shida na ba su. Metallica ma ba su tsira ba. Baƙin kundinsu na 1991, wanda ya fi duk nasu ciniki, ya haura kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai, rabinsa na farko zinariya ne, rabi na biyu kuwa akwai waƙa uku da ban taɓa jin wani ya nema ba. Bakwai. Na san wannan makin zai ɓata wa wasu rai, don ta wannan kundin yawancinmu muka san ƙungiyar. Load na 1996 ya kai minti 78 da daƙiƙa 59, wato sun cika faifan har baki kamar mai auna gero da zalama. Biyar.

Akwai kuma laifin sutudiyo, wanda ya fi ba ni haushi, don waƙar tana da kyau aka lalata ta a wajen ɗauka. A kundin da Metallica suka yi bayan rasuwar Burton, And Justice for All na 1988, an danne jitar bes ta sabon ɗan ƙungiyar Jason Newsted har kusan ba a jin ta. Waƙoƙin na tara ne, sautin kuwa busasshe kamar ƙosan jiya. Bakwai da rabi. A shekarar da ta biyo, aka ba da lambar yabo ta Grammy ta wannan fanni a karon farko, kowa ya ɗauka tasu ce, sai aka miƙa wa Jethro Tull, ƙungiyar da aka fi sani da busa sarewa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka darajar lambobin yabo a wannan harka. St. Anger na 2003 kuwa, gangar Lars Ulrich tana ƙara kamar ana dukan garwar kananzir, minti 75 cur. Uku. A Death Magnetic na 2008 an ƙure ƙarfin sauti har yana tsagewa, abin ya kai masoya suka riƙa neman kwafin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero, don shi ba a matse shi haka ba. Ka ji fa, wasan yara ya fi faifan asali daɗin ji.

Kada a ɗauka gajarta kaɗai ke sayen maki. Reign in Blood na Slayer, 1986, bai cika minti 29 ba, har a kaset an sa shi gaba ɗaya a kowane gefe. Ba ɓarnar daƙiƙa guda a ciki, kuma mai ganga Dave Lombardo abin kallo ne. Sai dai waƙar farko tana zayyana ta'asar Josef Mengele, likitan 'yan Nazi a sansanin Auschwitz, dalla-dalla, cikin sanyin murya irin na mai karanta rahoto. Ƙungiyar ta ce ba yabo ba ne, labari ne, kamfanin Columbia kuwa ya ƙi rarraba faifan. Na yarda ba yabo ba ne. Amma War Pigs ta nuna wa za a tuhuma, wannan kuwa ta baje gawa ta wuce. Takwas, kuma ba kasafai nake kunna shi ba.

Kundin rok na shekarun nan da ya fi matsowa kusa da goma a littafina ba daga Ingila ko Amurka ya fito ba. Afrique Victime ne na Mdou Moctar, Buzun Nijar da ya yi suna daga Agadas, wanda kamfanin Matador na Amurka ya fitar a 2021. Shi ma bahago ne kamar Iommi, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Waƙoƙinsa na farko ta katin waya da Bluetooth suka yaɗu a Sahel tun kafin Turawa su san da shi. Waƙar da kundin ya ci sunanta ta haura minti bakwai, tana farawa a tafiyar raƙumi, ganga na ƙara sauri kaɗan-kaɗan ba ka lura ba, har sai jitar ta ɓalle tana kururuwa a kan abin da mulkin mallaka ya bar wa nahiyar. Tsakanin masu zafin akwai masu sanyi da jitar katako da tafi, an jera su inda kunne ke buƙatar hutu, dabarar nan dai ta Planet Caravan. Minti arba'in da 'yan kai ne, tsawon faifan garmaho guda. Na ba shi tara, kuma har yanzu ban sami waƙar da yatsana ke tsallakewa ba. Makin da ya rage na riƙe shi ne saboda Paranoid ya yi shekara 50 da ɗoriya ana jujjuya shi, wannan kuwa ko goma bai yi ba.